Doyar Kan Shebur

Azumin bana ba ya cizo. Kafin mutum ya gama jin yunwa an kira magariba, ga sanyi ya kashe ƙishirwa, sai dai gwiwa ta yi ta ƙara in za a hau bas. Jiya da la'asar na tsaya shagon wani ɗan Ghana a unguwar Plumstead, nan London, ina zaɓen doya, ya dube ni da Hausarsa ta Kumasi da ba ta raba mace da namiji ya ce, "Hajiya, ka ga wannan azumi? Na yara ne." Na ce ya yi a hankali da bakinsa, na dogon yini zai zagayo in muna da rai. Ina juya doyar sai ƙasar jikinta ta ɓata mini tafin hannu, baƙi-baƙi. Shi ke nan hankalina ya tafi, ya koma wani azumi na tsakiyar zafi, shekara goma sha wani abu da suka wuce, wanda na yi shi da shebur a hannu.

A farkon waccan shekarar Inna ta rasu a Kafanchan. Bayan an yi arba'in na je na taho da Baba, na ce ya zo ya sha iska a wurina ko zuciyarsa za ta yi sanyi. Baba tsohon fayaman ne, wato mai zuba kwal a wutar kan jirgin ƙasa tun zamanin da jirgi ke tafiya da tururi. Mutum ne da na tashi na san shi yana tashi da malmala uku ya leƙa tukunya. Amma wanda na sauko da shi daga jirgin sama cokali biyu yake yi ya ture kwano. Na kai shi wurin GP, likitar unguwa, aka ɗebi jini, aka auna nan aka auna can, aka ce ba a ga komai ba. Ni kuwa ina gani. Agogonsa da ke kama wuyan hannu ya koma yana zamewa har gwiwar hannu, tazugen wandonsa kullum ƙara tsawo yake.

Ana cikin haka aka ga wata. Liman da bakinsa ya ce masa an ɗauke masa azumi, ya ciyar kawai. Baba ya ce, "Ni da na yi azumi a gaban wutar jirgi daga Kafanchan har Makurdi, ranar Turawa ce za ta kayar da ni?" Na yi magiya, na yi faɗa, har kuka na yi masa. Ya bar ni na gama, ya ce in tashe shi sahur.

Wanda bai yi azumin zafi a London ba bai san tsawon yini ba. Kana idar da asham ka ɗan kishingiɗa, sai sahur. Rana kuma ta fito ta ƙi tafiya, kamar baƙon da bai san an gaji da shi ba, tara ta gota tana nan tana leƙen taga. Shekarar kuwa ruwa ya ɗauke ɗif. Flat ɗinmu a hawa na huɗu yake, tagoginsa ba sa buɗuwa fiye da tafin hannu, fanka ta ƙare a shaguna. Ciyawar filin unguwa ta koma launin harawa, kwalta tana wari, bas ta zama tanda.

Da la'asar nake shiga kicin. Kunun tsamiya, ƙosai, farfesun kaza, wata rana tuwon shinkafa da miyar taushe. Maigidana yana tuƙin bas na yamma, a hanya yake shan ruwa, saboda haka daga ni sai Baba. Mama Rifkatu, maƙwabciyata ta ƙasa, 'yar Kagoro ce, takan hauro da gwate ko acca ta ce, "Baba, wannan na gida ne fa, ba na Turawa ba." In lokaci ya yi sai in jera masa tire a gabansa, in tsaya a gefe ina jira. Ya ci dabino, ya sha ruwa, ya yi cokali biyu.

"Alhamdu lillahi. Ɗauke, Uwani."

Uwani yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. In ɗauke tiren in koma kicin, in ci nawa a tsaye, da haushi, ko ɗanɗanonsa ba na ji. Tsoro nake ji ƙwarai, kada in binne uwa da uba a shekara guda.

Sana'ata ɗaukar bidiyo ce, biki da suna da walima. Da azumi ba mai ɗaura aure, kyamara sai ta zauna. To, tun kafin zuwan Baba na saba zuwa wani ɗan layin dogo ranar Lahadi, can bakin kogi, kusa da wani tsohon gidan famfon ruwa. Tsofaffi ne 'yan fansho suka haɗu suke raya shi don sha'awa, ba mai biyansu, suna ɗaukar yara da iyayensu su kai su ƙarshen layi su dawo. Sun nemi wanda zai riƙa ɗaukar musu hoton aikin, na ce ga ni. Faɗin layin bai kai tsawon hannuna ba, kan jirgin kuma ɗan kore ne, in na yi ɗage ina taɓa bututun hayaƙinsa. Gaskiya warin ne ya riƙe ni a wurin. Hayaƙin kwal da man inji mai zafi, warin rigar Baba ke nan in ya dawo daga loko, wurin aikinsu na reluwe, muna yara. Ban gaya masa ina zuwa ba, na ɗauka dariya zai yi mini.

Wata rana da azahar ina gyaran hotunan a kwamfuta, sai usur ɗin jirgin ya fita da ƙarfi. Baba da ke gyangyaɗi a kujera ya buɗe ido.

"Wace tasha ce wannan?"

Ya jawo sandarsa ya zo ya tsaya a bayana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan jirgi ne ko butar shayi?" Rabon da in ji ya tsokani wani abu tun Inna na da rai.

Sai hoton ya kawo Derek, direban jirgin, wani jan tsoho da ya yi ritaya daga tuƙin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai kiran kowa "love" har da ni da hijabina. Al'adarsu ce in wuta ta kama da safe su goge shebur ɗin kwal, su fasa ƙwai a kai, su jera nama, su tura cikin wutar jirgi, nan take karin kumallo ya nuna. Na yi sauri zan tsallake wurin, Baba ya ce in koma baya.

"Naman alade ne, na sani, ba yau na fara ganin Bature ba. Mu doya muke sawa. A yanka ta fale-fale, a shafa manja, a barbaɗa gishiri. Wutar kwal tana da ɗanɗanonta, Uwani, itace ba ya ba da shi."

Yana faɗa na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ni ma na tuna da doyar, yadda yake shigowa kwatas da ita a ƙulle cikin hankici, gefenta ya yi baƙi.

A ranar na gasa doya a oven. Ya sansana ya ajiye. Kashegari Mama Rifkatu ta hura gawayi a bayan gida muka gasa wata. Ya sansana ya ce, "Gawayi ne," ya ajiye. Ranar Lahadi na tare Derek a bakin rumfar jirgi na zayyana masa komai da Turanci. Ya cire hularsa ya sosa kai. Ya ce shebur ɗinsa ya fi shekara ashirin yana soya abin da muka sani, ko in an wanke zai yi? Na ce ubana zai ji warin ko an yi masa wanki bakwai. Ya mayar da hularsa. Lahadin da ta biyo sai ga shi da sabon shebur, dogon baki, baƙin fenti yana sheƙi, ya miƙo mini.

Murnata ba ta je ko'ina ba, don labari biyu ya biyo baya. Na farko, an hana kunna wuta. Ciyawar gefen layi ta bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya daga bututu ya isa ya tayar da gobara, saboda haka ɗan injin dizal ne zai riƙa jan yara har sai an yi ruwa. Na biyu, sabon shebur ba ya girki. Fentin nan guba ne, dole ƙarfen ya goge da aiki har ya yi fari, sannan a ƙona shi a wuta. Derek ya nuna mini tulin kwal da mota ta juye a bakin ƙofa, ya nuna rumbun da ya kamata ya koma, can nesa. Ya ce, "Ga mai goge miki shi nan, love."

Haka na koma lebura da azumi a bakina. Na cusa hijabi cikin rigar aiki, in cika baro, in tura, in juye, in dawo. Ba Lahadi kaɗai ba, har tsakiyar mako nake zuwa in na bar Baba wurin Mama Rifkatu. Kwal ya ƙare na koma yashi, yashi ya ƙare na bi tsofaffin nan muna yanke busasshiyar ciyawa a gefen layi muna jera durom-durom na ruwa. Ƙarfen layi ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Kafin la'asar harshena ya zama kamar busasshiyar fata, idona yana ganin taurari in na miƙe. Su kuwa bayin Allah, in lokacin shayinsu ya yi sai su sulale bayan rumfa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɓoye kofinsa a bayansa kamar wanda ya yi sata. Na ce musu su sha a gabana, ba ya karya mini azumi. Suka ce to, kashegari suka sake ɓuya. Har yau in na tuna sai in ji ina son mutanen nan.

Kullum na dawo Baba zai tambaya, "Ya fara haske?" In nuna masa hoton shebur a waya, ya kanne ido ya ce da saura, gefen hagu bai ci ba. Na tambaye shi ko ƙurar kwal da ke shiga haƙora tana karya azumi, ya ce da tana karyawa da bai taɓa yin ko ɗaya ba. Hira ta dawo, amma cin abinci bai dawo ba. Cokali biyun nan dai. Wata magariba ya yi sujada ya kasa ɗagowa, sai da na tallafe shi, na ji ƙasusuwan bayansa a tafin hannuna. GP ta ce in aka ci gaba haka kwantar da shi za a yi a sa masa ruwa. Baba ya ce in an kai shi asibiti to a wuce da shi filin jirgi.

Ni da na shekara da shekaru ina zagin ruwan London, ina ce masa ruwan da ba ya tsirar da komai sai mura, sai ga ni ina roƙonsa a kowace sujada. In fito in ɗaga kai ina duba gabas kamar mai gona. Mama Rifkatu ta ce, "Na saka a prayer request a church. Pastor ya karanta ya cire glasses ya ce, ruwa? A London? Na ce sir, just pray."

A goman ƙarshe ya zo. Tun azahar iska ta tsaya cik, gari ya yi nauyi, tsuntsaye suka yi shiru. Can sai hadari ya haɗo ta wajen kogi, aka yi wata tsawa da ta sa motocin layinmu suka hau kuka. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta 'yar kafar taga, Baba ya zura tafin hannunsa waje ya bar shi a can har hannun rigarsa ya jiƙe. Ni kuwa waya na riƙe. Aka ce ruwa ɗaya bai isa ba, sai an ga na biyu. Na kusa haɗiye zuciya. Bayan kwana biyu aka sake yi, sannan Derek ya bugo ya ce Lahadi.

Sai da na ajiye wayar na tuna wata matsala. Ƙarfe biyar suke rufewa su kashe wuta, mu kuma sai wajen tara za mu sha ruwa. Na sake bugawa. Ya ce ya sani, ya riga ya tambayi jikarsa ta duba masa lokacin faɗuwar rana, wutar za ta jira.

Mama Rifkatu ce ta kai mu a motarta da yamma. Baba ya sa farin kaftaninsa na Juma'a, na ce Baba wurin kwal fa za mu, ya ce ai shi ya sa. Na zaci Derek kaɗai za mu tarar. Ashe ba wanda ya tafi gida, suna zaune a bencin tasha, ba kofi ko ɗaya a hannun kowa. Jirgin yana tsaye yana huci a hankali, ciyawa ta fara kore, layin yana ƙyalli. Baba ya zagaya shi da sandarsa, ya ɗora hannu a jikin tukunyar ya bar shi a nan. Sannan ya dubi Derek ya yi masa gaisuwar loko da Turancinsa na reluwe, da yamma lis.

"Morning, driver."

Derek ya gyara tsayuwa. "Morning, fireman."

Mutum biyu suka ɗaga shi zuwa wurin tsayuwar direba, wurin da mutum uku ba sa iya juyawa. Aka miƙa masa shebur, ya yi fari tas, Derek ya riga ya ƙona shi ya wanke da tururi. Baba ya juya shi gaba da baya ya ce, "Ya ci." Ya ɗebi kwal zai jefa, shebur ya rinjaye shi, rabi ya shiga wuta rabi ya zube a kan farin kaftani. Ba wanda ya sunkuya ya tsince. Aka ja jirgi muka je ƙarshen layi muka dawo, iska tana kaɗa masa gemu, yana ta yi wa Derek bayanin hawan Kagoro da Hausa, Derek yana gyaɗa kai kamar yana ji.

Da rana ta yi ja aka sake goge shebur da tururi. Baba da kansa ya jera doyar, ya shafa manja da yatsa, ya barbaɗa gishiri, Derek ya tura cikin wuta. Ƙamshin da ya fito ya mayar da ni 'yar shekara biyar. Wayata ta nuna lokaci ya yi, na ɗaga wa Derek hannu, ya ja usur mai tsawo. Muka ci dabino muka sha ruwa. Aka zaro shebur, doya tana tsuwa, gefenta ya yi baƙi. Na ja da baya na ɗaga kyamara, don hoton da nake jira ke nan tun farkon wata.

Baba ya ɗauki yanka na farko ya hura. Sai ya zaro hankici daga aljihu, ya ƙulle doyar a ciki, ya mayar aljihu. Hannunsa ne ya yi aikin da ya saba. Sai da ya gama ya tsaya, tafinsa a kan aljihun, yana kallon wuta. Na ce a raina shi ke nan, wannan ma ba zai ci ba.

"Innarki nake kai wa," ya ce. "Ita ke fara ci. Tun da na aure ta ban taɓa sa loma a gida ba sai na ga ta sa."

Ban taɓa sani ba. Mu yara a tsakar gida muke ci, su kuma a ɗaki, labule a sauke, don kada 'yan kwatas su samu abin faɗa.

Ya juyo ya dube ni ta cikin gilashin kyamara. "Ke kuma kullum kina tsaye a kaina kamar 'yar sanda. Ajiye wannan abin, Uwani. Zauna."

Na ajiye ta a kan kwal, ko kashewa ban yi ba. Na zauna a bakin matakala, shi ma aka zaunar da shi. Ya kwance hankicin ya miƙo mini.

"Ci mana."

Na ci. Ta ƙona mini harshe, ga ɗacin hayaƙi, tsakiyarta ma ba ta gama nuna ba. Ya zuba mini ido har na haɗiye.

"Ta yi?"

"Ta yi, Baba."

Ya ɗauki ta biyu ya kai baki. Ya ɗauki ta uku. Ya ce gishiri bai ji ba a ƙara. Derek ya juya mana baya ya tsura wa agogon tururi ido, ya daɗe yana dubawa alhali jirgi a tsaye yake. Mama Rifkatu kuwa ba ta ɓoye nata hawayen ba, tana sharewa tana cewa, "Baba, a bar mana ko ɗaya mana."

Daga ranar ban sake tsayawa a kansa ba. Tire ɗaya muke sawa, in zauna, in fara, ya biyo. Kafin sanyi ya shigo agogo ya koma mazauninsa. Da zai koma Kafanchan na kira ƙanwata da zai zauna wurinta na ce mata abu ɗaya nake roƙo, ta zauna ta fara ci. Ya yi wasu shekaru masu daɗi yana tsokanar jikoki kafin Allah ya karɓi abinsa. Na gode wa Allah da ya ara mana shi, na kuma gode wa tsofaffin nan da suka zauna da yunwarsu suna jiran ranar da ba tasu ba ta faɗi.

Har yanzu ina zuwa layin. Derek ƙafa ta hana shi hawa, yana zaune a tasha yana huda tikiti yana gyara wa kowa aiki. Ni ce ke zuba kwal wasu Lahadin. Shebur ɗin yana rataye a rumfa, an rubuta BABA da farin fenti a jikin ƙotarsa, kuma duk sabon zuwa ana gaya masa abin da ba a sawa a kai.

Hoton da na so ɗauka kuwa ban samu ba. Kyamarar ta kwanta a karkace, abin da ta kama takalmin Derek ne da gefen farin kaftani da ya yi baƙi, sai sama tana yin ja. Amma ta kama sauti. Jiya da na dawo daga shago na gasa doyar a oven, wadda da yana nan da sansanawa zai yi ya ajiye. Maigidana yana hanya kamar kullum. Da aka kira magariba na ɗora kwamfuta a kan tebur, na ja kujera na zauna, na kunna. Usur ya yi tsawo, wuta ta yi huci, sannan muryarsa ta ce, "Ci mana." Na ci. Na jira kaɗan, sai na ji shi ya fara taunawa.